Hotunan tauraron ɗan'adam: abin da ya kamata ku sani kafin ku yarda da taswira

Duk lokacin da ambaliya ta auku, kamar wadda ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ba a jimawa sai ku ga taswira tana yawo a kafafen labarai. An shafa wa unguwannin da ruwa ya ci shuɗi, an bar waɗanda suka tsira. Haka ma hotunan Tafkin Chadi da ake jerawa, na da da na yanzu. Babu wanda ya bi gida-gida da igiyar awo kafin a zana su. Daga hotunan tauraron ɗan'adam aka fitar da su, bayan an sarrafa su a kwamfuta da wata manhaja da ake kira GIS. Da irin waɗannan taswirori ake yanke shawarar inda za a kai agaji da inda za a haƙa rijiya, wani lokaci har da wanda za a ce ya tashi daga fili. Tunda abin ya kai nan, haƙƙinku ne ku san yadda ake yin su.

Wane irin hoto ne wannan?

Tauraron ɗan'adam na'ura ce da mutane suka ƙera suka harba sama, tana kewaya duniya ba tsayawa. Wasu na sadarwa ne, wasu na hasashen yanayi, wasu kuma ba su da aiki sai kallon ƙasa. A cikin masu kallon ƙasa, biyu sun fi shahara. Akwai jerin Landsat na Amurka, wanda aka harba na farkonsa a 1972, yanzu kuma na 8 da na 9 ke aiki a nisan kilomita 705 daga ƙasa. Akwai kuma Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda ya fara aiki a 2015, a nisan kilomita 786.

Abin da suke aikowa lambobi ne tsagwaronsu. Ku ɗauki hular ɗinki ku duba. Daga nesa zane kuke gani, amma in kun matso da ita kusa da ido, sai ku tarar ɗinki ne ɗaya-ɗaya, kowanne da launinsa. Haka hoton tauraro yake. An raba ƙasa ƙananan murabba'ai, ana kiran kowanne fiksel, kuma kowane fiksel yana ɗauke da lambar da ke nuna yawan hasken ranar da wannan ɗan yanki ya mayar sama. Kwamfuta ce ke mayar da lambobin launi domin idonmu ya gane.

Girman fiksel shi ke faɗa muku abin da za a iya gani. A Landsat, fiksel ɗaya fili ne mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi. A Sentinel-2 kuwa mita 10 ne kowane gefe, wato gona mai hekta ɗaya ta ƙunshi fiksel 100, alhali a Landsat kusan 11 kacal take samu. Duk abin da bai kai girman fiksel ba, kamar rumbu ko rijiya ko saniya, narkewa yake yi cikin abin da ke kewaye da shi. Akwai taurarin kamfanoni da fiksel ɗinsu bai wuce santimita 30 ba, waɗanda ke nuna mota da katanga, amma nasu hoton na sayarwa ne.

Kada kuma ku ɗauka kallon kai-tsaye ake yi. Tauraron wucewa yake yi da hantsi ya ɗauka ya tafi. Sentinel-2 yana dawowa wuri guda bayan kwana 5. Kowane Landsat sai bayan kwana 16, amma da yake su biyu ne, ana samun sabon hoto duk kwana 8.

Me tauraro ke gani da idonmu ba ya gani?

Hasken rana haɗe-haɗe ne. Idon mutum yana kama kaɗan daga ciki, launukan nan da kuke gani a bakan gizo. Bayan ja akwai wani hasken da ido ba ya kamawa, masana suna kiransa infirared. Na'urar tauraro tana auna kowane nau'in haske dabam, ta ajiye shi a nasa shafin. Sentinel-2 yana da irin waɗannan shafuka 13.

Amfanin haka shi ne kowane abu yana da halinsa da haske. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske domin da shi yake haɗa abincinsa, sannan ya mayar da infirared da yawa. In ƙishi ko cuta ta kama shi, sai wannan bambancin ya ragu. Ruwa kuwa shanye infirared yake yi kusan gaba ɗaya, shi ya sa kogi da tafki suke fitowa baƙi ƙirin a wannan shafi.

Daga nan aka samo wani lissafi mai sauƙi da ake kira NDVI, wanda za ku yawaita ji a bakin malaman gona. Ana cire lambar jan haske daga lambar infirared, sannan a raba abin da ya rage da jimillar su biyun. Amsar tana faɗawa tsakanin -1 da 1. Ruwa yana ƙasa da sifili, faƙo da rairayi suna kusa da sifili, gonar da ta yi kore shar kuma tana haura 0.6. Manhajar tana yin wannan lissafi ga miliyoyin fiksel cikin ɗan lokaci.

Wani abin lura: sau da yawa masu aikin sukan sa wa infirared launin ja domin tsirrai su fito fili. In kun ga hoton da ƙasa ta yi ja wur, kada gabanku ya faɗi. Yawanci itatuwa ne da shuke-shuke.

Mece ce manhajar GIS?

Manhaja ce ta kwamfuta da ke ajiye bayani tare da wurin da ya shafa. A wajenta, kowane abu yana da adireshi na lambobi biyu da ke nuna matsayinsa a doron ƙasa, irin lambobin da GPS na wayarku ke bayarwa. Saboda haka tana iya ɗora bayani kan bayani: hoton tauraro a ƙasa, hanyoyi a kansa, sai iyakokin ƙananan hukumomi, sai asibitoci da makarantu, kowanne ya zauna daidai inda yake a zahiri.

Da wannan ɗorawa ake samun amsar da hoto shi kaɗai ba zai bayar ba. Hoto zai nuna inda ruwa ya kwanta. Sai an ɗora masa shafin gidaje da na hanyoyi za a san gida nawa ke cikin ruwan, da ƙauyen da mota ba za ta iya kaiwa ba.

Manhajojin da aka fi amfani da su su ne QGIS, wadda aka fara a 2002 kuma kowa na iya saukewa kyauta, da ArcGIS ta kamfanin Esri, wadda ake biyan lasisinta. Akwai SNAP ta hukumar sararin samaniya ta Turai, mai ƙwarewa kan hotunan Sentinel. Akwai kuma Google Earth Engine, wanda a kwamfutocin kamfanin ake yin lissafin, ku dai ku aika umarni ta intanet ku karɓi amsa.

Yaya aikin yake daga farko zuwa ƙarshe?

Bari mu bi misali ɗaya. A ce wata jami'ar aikin gona tana son sanin yawan filin da aka yi noman rani a fadamun Haɗeja a bana.

Farkon abin da za ta yi shi ne zaɓen lokaci, kuma wannan zaɓi rabin aikin ne. In ta ɗauki hoton watan Agusta, ko'ina kore ne, ba za ta bambance tudu da fadama ba. Hoton Fabrairu ko Maris take buƙata, lokacin da gonakin tudu sun bushe, ya rage sai inda ake ban ruwa. Za ta shiga shafin Copernicus na Turai ko EarthExplorer na Amurka, ta zana yankin, ta zaɓi ranar da sama take garau, ta sauke.

Sai gyara. Hasken da ya isa ga tauraro ya ratsa ƙura da tururi sau biyu, saukowa da komawa, kuma mu nan hazon hunturu yakan dusashe hoto ƙwarai. Dole a cire wannan tasiri kafin a kwatanta hoton wata rana da na wata. Abin sauƙin shi ne yanzu ana samun hotunan da aka riga aka yi wa wannan gyara. Akwai kuma batun ma'aunin taswira. Duniya a dunƙule take, takarda kuwa a shimfiɗe, don haka aka yanka duniya shiyya-shiyya domin awo ya yi daidai. Najeriya ta faɗa cikin shiyyoyi uku na tsarin da ake kira UTM: Sakkwato tana ta 31, Kano da Haɗeja suna ta 32, Maiduguri tana ta 33. Tsofaffin taswirorin ƙasar kuma an gina su ne kan ma'aunin Minna, wanda ya sha bamban da na GPS. Wanda ya haɗa su bai daidaita ba, zai ga hanya ta goce da mita masu yawa daga inda take, har ta bi ta cikin gidan mutane.

Bayan ta yanke yankin da take so, sai ta lissafa NDVI. Nan take wuraren kore za su bayyana. To, a nan fa aikin gaske yake farawa, domin manhajar kore kawai ta sani. Ba ta san shinkafa ba, ba ta san alkama ba. A fadamun Haɗeja da Nguru akwai ciyawar kacalla da ta toshe magudanan ruwa ta addabi manoma da masunta, kuma a idon tauraro tana iya fin shinkafa kyan gani. Akwai lambunan mangwaro. Akwai gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. In aka ƙirga duk waɗannan a matsayin noman rani, rahoton zai yi kyau a takarda, amma ƙarya ce.

Maganin shi ne a koya wa manhajar. Jami'ar za ta tashi ta je wurin da GPS a hannu, ta tsaya a gonar shinkafa ta ɗauki lambobin wurin, ta tsaya a bakin kacalla ta ɗauka, haka lambu, haka faƙo, wurare masu yawa na kowane iri. Manomin da ya san yankin zai rage mata wahalar kwanaki. In ta dawo sai ta nuna wa manhajar waɗannan misalai, ita kuma ta bi sauran fiksel ɗin ɗaya bayan ɗaya tana sa kowanne a rukunin da ya fi kama da shi. Wannan shi ake kira rarrabewa. In an haɗa hotunan watanni da dama abin ya fi inganci, domin gonar da aka shuka tana farawa daga ƙasa tsirara, ta yi kore, a girbe ta, kacalla kuwa tana nan yadda take.

Mai aikin kirki ba ya ba manhajar duk misalansa. Yakan ɓoye wasu domin jarrabawa. In daga wurare 100 da aka ɓoye manhajar ta canki 85 daidai, to an san gwargwadon yadda za a dogara da taswirar. Daga nan lissafin ƙarshe ba wuya: in fiksel 50,000 na Sentinel-2 suka faɗa rukunin shinkafa, hekta 500 ke nan.

To in hadari ya rufe sama fa?

Tambaya ce mai muhimmanci, domin lokacin da aka fi buƙatar hoto, wato tsakiyar damina da lokacin ambaliya, shi ne lokacin da gajimare ke rufe komai. Landsat da Sentinel-2 da hasken rana suke aiki, ba sa ratsa gajimare.

Don haka ake komawa ga taurari masu rada, irin Sentinel-1 da aka fara harbawa a 2014. Shi wannan da kansa yake aika siginarsa ƙasa ya saurari abin da ya dawo, dare ko rana, da hadari ko babu. Ruwan da ya kwanta lif yana karkatar da siginar ta tafi wani gefe, sai ya fito baƙi. In an kwatanta hoton kafin ambaliya da na bayanta, sabon baƙin da ya bayyana shi ne inda ruwa ya ci. Sai dai a cikin gari mai cunkoson gine-gine rada yakan rikice, busasshen rairayi mai laushi ma yakan yi masa kama da ruwa.

Wa ya taɓa amfana da wannan a ƙasarmu?

Yaranku, wataƙila, ba tare da kun sani ba. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, da taswirorin da aka zana da hannu ma'aikatan rigakafi ke fita, kuma rugage da ƙananan ƙauyuka da yawa ba sa ciki. Daga wajajen 2012 aka fara bin hotunan tauraro ana fitar da duk wani matsuguni a Kano da sauran jihohin Arewa, ana ba ma'aikata wayoyi masu GPS domin a ga inda aka taka da inda aka tsallake. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji. Babban yabo na matan da suka bi gida-gida ne da sarakuna da malaman da suka tsaya, amma taswirar ce ta nuna musu ƙofofin da ba a taɓa ƙwanƙwasawa ba.

A Nijar kuma, manoman Maraɗi da Damagaram sun shafe shekaru suna sassabin zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana reno maimakon a sare. Duniya ba ta san girman abin da suka yi ba sai da masana irin su Gray Tappan suka kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraro na bayan shekara ta 2000, aka gano cewa itatuwa sun dawo a fili mai kimanin hekta miliyan 5. A Yamai ma akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya addabi yankin Sahel, tana bin ruwan sama da yanayin makiyaya a ƙasashen Sahel domin a yi gargaɗi tun kafin yunwa ta shigo.

Taswirar za ta iya yaudara?

Ƙwarai kuwa, ko da ba wanda ya yi niyyar ƙarya. Ku ɗauki Tafkin Chadi. Gaskiya ne a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, kuma farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi ƙwarai har ya rabu biyu. Amma tafki ne marar zurfi da ke cika ya janye kowace shekara gwargwadon ruwan da kogin Chari ya kawo, kuma ruwa mai yawa yana ɓoye ƙarƙashin ciyayi inda hoton yau da kullum ba ya ganinsa. Binciken da aka yi da wasu na'urorin ya nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da ƙafewa kamar yadda ake yawan faɗa ba. Wanda ya jera hoton lokacin cika na wata shekara da na lokacin janyewa na wata, zai ba da labarin da ya fi gaskiya muni.

Gonakinmu ma suna wahalar da manhaja. Yawancinsu ƙanana ne, kuma gero da dawa da wake a haɗe suke, ga itatuwa a tsakiya, fiksel ɗaya ya kwaso su duka. Gidan ƙasa mai rufin soro launinsa ɗaya da ƙasar da aka gina shi da ita, ya fi mai rufin kwano wuyar ganewa. Manhajar da aka horar da manyan gonakin Turai ko Amurka ba za ta gane namu ba sai an sake koya mata. Shi ya sa nake ganin wannan aiki yana buƙatar 'ya'yan yankin, waɗanda in sun ga kore a watan Maris za su san gawo ne.

Saboda haka in an nuna muku taswira, musamman wadda ta shafi gonarku ko filinku, ku tambayi ranar da aka ɗauki hoton, da girman fiksel ɗinsa, da ko wani ya taka ƙafa wurin ya tabbatar. Hoto yana nuna inda aka yi noma ko gini. Ba ya nuna gado, ko aro, ko jingina, ko burtalin da makiyaya ke bi a wani lokaci na shekara. Waɗannan sai a bakin mutane da takardu.

Ana ganina a tsakar gida?

Da hotunan kyauta, a'a. Gidan gaba ɗaya 'yan fiksel ne. Hotunan kamfanoni masu kaifi suna nuna rufi da katanga da mota da bishiyar tsakar gida, amma ba sa nuna fuska, ba sa ratsa rufi, ba sa ɗaukar magana. Abin da kuke gani a Google Earth kuma yawanci hoton watanni ne ko shekaru da suka wuce. Duk da haka tsarin gida da hanyar shigarsa bayani ne, kuma daidai ne mutane su nemi sanin wanda ke tattara shi da abin da zai yi da shi.

Nawa ne kuɗinsa, kuma ta ina ake farawa?

A da sai mai hali. Hoton Landsat guda ɗaya ɗaruruwan daloli ake sayensa, har sai 2008 da Amurka ta buɗe rumbun kyauta. Na Sentinel kyauta ne tun farko. QGIS kyauta ce, Google Earth Engine ma ba a biya in don karatu ne ko bincike. Najeriya tana da nata tarihin: hukumar sararin samaniya ta ƙasar, wato NASRDA, wadda aka kafa a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, kuma injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa na ƙarshen a Ingila.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne data da wuta da zirga-zirga. Hoton Sentinel-2 guda, mai rufe kimanin kilomita 100 kowane gefe, yana kusantar gigabayit ɗaya. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai matsakaicin ƙarfi ta isa ga mai koyo. Kuɗin mai da na masu rakiya zuwa gona shi ne kason da aka fi yankewa in kasafi ya yi kaɗan, alhali shi ne bai kamata a taɓa ba.

Masu son karatun sosai za su same shi a sassan labarin ƙasa na jami'o'i irin su Bayero a Kano, Ahmadu Bello a Zariya da Abdou Moumouni a Yamai, akwai kuma cibiyar NASRDA ta nazarin hotunan tauraro a Jos da AFRIGIST a Ile-Ife. Wanda yake son gwadawa da kansa kuwa, ya buɗe shafin Copernicus, ya nemi garinsu, ya duba hoton Maris da na ƙarshen Satumba na shekara guda. Ya fara da wuraren da ya sani da ƙafarsa, kasuwa da kududdufi da maƙabarta da gonar gidansu, ya ga yadda kowanne ke fitowa a lokutan biyu kafin ya matsa zuwa inda bai taɓa zuwa ba.